A Fente Ta ko A Sayi Sabuwa? Shawarar da Ba a Gayyaci Kunne Ba

Akwai wata gardama da takan tashi a taron ƙungiyoyin raya al'adu duk lokacin da aka buɗe ɗakin ajiya domin ƙidayar kaya, ko kuwa aka ji ƙishin-ƙishin cewa wani ɗan tallafi yana tafe. Can bayan karyayyun kujeru da tsofaffin bafil sai a ci karo da gitar bas ta sha ƙura, tsirkiya biyu sun tsinke, fentin wurin da damtse ke gogawa ya kakkaɓe har katako ya bayyana, bayanta kuma duk zanen ƙarfen ɗamara ne. Nan take kwamiti kan rabu gida biyu. Kashi na farko ya ce a kai ta gareji wurin mai fentin mota, a kankare ta tas, a fesa mata ja ko baƙi mai sheƙi ta fito kamar amarya. Kashi na biyu ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, a tura tsohuwa lungu a aika Yamai ko Kano a sayo sabuwa. Sai a wuni ana musu, kowane ɓangare yana ɗaukar ɗayan abokin gaba, alhali kuwa uwa ɗaya ta haife su: dukansu da ido suke yin shawara. Da wuya a sami wanda zai ce a ɗauko waya a jona ta da ampili a ji abin da za ta faɗa.

Abin da ya dace a gaya wa ɓangarorin biyu ba tare da kwana-kwana ba shi ne, kada a fente ta, kada kuma a musanya ta. A gyara ta. Gyara daban, fenti daban, kuma rashin bambanta su shi ne ya halaka kayan kiɗa da yawa waɗanda ƙura da gara suka kasa halakawa.

Sai an san yadda aka ƙera abin kafin a yanke masa hukunci. Gitar bas mai aiki da lantarki ta bazu a duniya ne daga shekarar 1951, lokacin da Leo Fender ya fitar da wadda ya kira Precision daga masana'antarsa ta Fullerton, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Kafin nan mai kiɗan bas yana fama ne da ƙaton gogen nan na Turawa mai tsawon mutum, wanda ba ya shiga ƙaramar mota, muryarsa kuma ba ta ketare ƙarar ganguna da ƙahoni. Fender ba makaɗi ba ne. Mai gyaran rediyo ne, kuma da hankalin mai gyara ya yi tunanin abin. Ya yanko gangar jiki daga falankin katako, ba rami ba kogo. Ya yi wuya daban, ya ɗaure shi da jiki da kusoshin murɗi guda huɗu. Ya gicciya wa wuyan ƴan ƙarafan nan da makaɗa ke kira firet, domin yatsa ya faɗa daidai kan sauti, daga nan ma sunan Precision ya samo asali. A 1960 ya ƙara da wata mai suna Jazz Bass, bisa tsari ɗaya. Manufar a fili take: in wuya ya lalace a kwance kusoshi huɗu a ɗaura wani, in waya ta tsinke a liƙa ta da dalma. An ƙera wannan abu ne domin a riƙa gyara shi, kuma masana'antun Japan da na Turai da suka kwaikwaye shi daga baya sun kwaikwayi wannan dabarar tare da siffar.

Ina kuma muryar take fitowa? Ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai mikoro, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. In aka taɓa tsirkiyar ƙarfe ta yi karkarwa a gaban maganaɗisun, sai ɗan lantarki ya motsa cikin wayar, ampili ya karɓa ya kumbura shi. Tsirkiya mafi kauri tana karkarwa sau 41 a sakan guda, shi ne wannan gurnanin da ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Tsawon tsirkiya daga matokari zuwa matokari ya kai santimita 86, kuma huɗun tare suna jan wuyan da ƙarfin da ya haura kilo 70, kamar a ce an rataya mata baligi a wuya dare da rana har shekara arba'in. Abin da ke hana wuyan lanƙwashewa wata sandar ƙarfe ce da aka ɓoye a cikinsa, mai kai da ake murɗawa a ƙara mata ƙarfi ko a sassauta. A duk wannan lissafi fenti bai fito ko sau ɗaya ba.

Cututtukan tsohuwar bas a ƙasar Sahel sanannu ne, kuma yawancinsu na yanayi ne. Masu ƙera kayan kiɗa na katako suna son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari; a tsakiyar hunturu kuwa, daga Tawa har Damagaram, takan faɗo ƙasa da kashi 20, sa'an nan damina ta zo ta cika ta. Katako yana tsukewa yana kumbura shekara bayan shekara. Allon wuya ya tsuke, bakunan firet su leƙo waje suna yankan hannu. Wuya ya yi baka, tsirkiya ta yi nisa da allo har yaro ya kasa danne ta. Ƙura ta shige maɓallan sauti su riƙa ƙarar ƙaiƙayi in an murɗa. Ramin da ake cusa waya ya saki. Tsatsa ta ci kusoshi. To, a cikin waɗannan duka wanne ne fenti ke warkarwa? Babu. Murɗa sandar wuya rubu'in zagaye a bar ta ta kwana, goge bakunan firet da ƙaramin zarto, wanke maɓallai, sabunta liƙin dalma, ɗaura sababbin tsirkiyoyi: aikin kwana biyu ko uku ne tsakanin makaɗin da ya san hannunsa da mai gyaran rediyon bakin kasuwa. Kuɗin bai kai rabin na fenti nagari ba, balle na sabuwar gita. Mara lafiya yana kukan ciki, an taru ana gardama a kan launin rigar da za a ɗinka masa.

Masu son fenti suna da wata hujja da ba su ma san suna da ita ba, kuma adalci ne a miƙa musu ita kafin a karɓe. Launukan musamman da Fender ya yi amfani da su a ƙarshen shekarun 1950 da cikin na 1960 launukan motoci ne na kamfanin DuPont, irin waɗanda ake fesa wa manyan motocin Amurka na zamanin. Ashe fentin mota a jikin gita ba bidi'a ba ne. Sai dai abin da ake yi a garejin unguwa wani abu ne daban. Fentin wancan lokaci siriri ne, na sinadarin nitiro, wanda ke yin ja-ja-ja da shekaru, ya tsattsage kamar tsohuwar tukunya, ya goge a inda jiki ke taɓawa. Sai wajen 1968 masana'antar ta koma ga fenti mai kauri irin na roba. Mai fentin mota ya saba da ƙarfe. Zai sa injin gugar da yake cin tsatsa da shi, ya cinye kusurwoyin katako da lanƙwasar da aka sassaƙa domin haƙarƙarin makaɗi. Ya cike ramuka da mastik. Ya fesa shafi bisa shafi har gurbin da wuya ke zama ya cika, wuyan ya daina zama daidai. In bai kwance mikoro ba, ƙurar ƙarfe ta manne wa maganaɗisu, in kuwa ya kwance da gaggawa ya tsinke wayar da ta fi gashin kai siranta. Garin neman gira a rasa ido.

A nan ya kamata a faɗi gaskiyar da masu bautar tsofaffin kaya ba su so. Sukan ce sabon fenti yana shaƙe katako ya kashe murya. A gita mai kogo, wadda allonta ne ke yin amo, maganar tana da tushe. A bas mai falankin katako kuwa, wadda maganaɗisu ke ɗaukar muryarta, tasirin fenti kaɗan ne ƙwarai, kuma da wuya kunnen da aka rufe wa ido ya bambanta. Saboda haka ba don murya ake cewa kada a kankare ba. Don shaida ne. Jikin tsohuwar bas takarda ce rubutacciya. A gindin wuya, wurin da ke ɓoye cikin gurbi, ma'aikatan Fender kan rubuta ko su buga watan da shekarar da aka gama shi. Lambar ƙira tana kan farantin ƙarfen da ke riƙe da kusoshi huɗu har zuwa 1976, daga nan ta koma kan tambarin da ke saman kai, tambarin da goga ɗaya ke shafewa har abada. A bayan maɓallan sauti na ƙirar Amurka akwai lambobi: ukun farko na masana'anta ne, 137 na CTS, 304 na Stackpole, sauran kuma shekara da mako, wanda ya ga 1377412 ya san an yi maɓallin a mako na 12 na shekarar 1974. Bayan wannan rubutu na masana'anta akwai na makaɗi: ramin da babban yatsa ya haƙa kusa da mikoro, gogewar da ke nuna a wane sashe na wuya ya fi zama, ƙunar sigari a kai, sunan orkes da aka zana da ƙusa ko lambar rajistar gidan matasa da aka rubuta da farin fenti. Wuyan da ya lanƙwashe ana miƙe shi, wayar da ta tsinke ana liƙa ta. Wannan rubutu kuwa in ya tafi ya tafi ke nan. Malamin da ba zai yarda a shafe tsohon rubutun ajami da farar ƙasa don takardar ta yi haske ba, bai kamata ya ɗaga hannu a kwamiti ya goyi bayan kankara ba.

Kasuwa ma, wadda ba ta san tausayi ba, ra'ayinta ke nan. Ƙa'idar da dillalan tsofaffin gitoci na Amurka da Turai ke bi ita ce, sabon fenti, ko da gwani ne ya yi shi, yana zubar da wajen rabin kuɗin kayan, musamman waɗanda aka ƙera kafin watan Janairu na 1965, lokacin da kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13. Abin dariyar ma yana gaba. A 1995 Fender da kansa ya fara sayar da sababbin gitoci da ya kira Relic, waɗanda ma'aikata ke ƙwarzanewa da gangan, su tsattsaga fentin, su sa wa ƙarafan tsatsa, a sayar da su da tsada fiye da masu sheƙi. A 2009 ya ƙara da jerin Road Worn domin masu ƙaramin ƙarfi. Wato a can ana biyan lada a yi wa sabuwa tabon ƙarya, a nan ana shirin biyan lada a goge na gaskiya.

Mai musu da ya karanta tarihi zai kawo labarin Paul McCartney, kuma ya kyauta da ya kawo. A 1961 McCartney ya sayi bas ƙirar Höfner a birnin Hambug na Jamus a kan kuɗin da bai wuce fam 30 ba, da ita aka ɗauki waƙoƙin farko na Beatles. A 1964 aka kai ta gyara a Landan, aka sake mata fenti gaba ɗaya, aka canza mazaunin mikoro. An sace ta daga cikin mota a 1972, ba a sake jin ɗuriyarta ba sai da aka sanar a watan Fabrairu na 2024 cewa an gano ta a ɗakin saman wani gida a kudancin Ingila, kuma a watan Disamba na shekarar ya hau dandali da ita a Landan. Ga bas da aka fente, amma babu wanda ya ce darajarta ta ragu. Haka ta Jaco Pastorius, Jazz Bass ta 1962: shi da kansa ya cire mata firet, ya shafe allon da ƙaron da ake shafa wa jiragen ruwa, daga baya ta farfashe aka harhaɗa ta aka lulluɓe ta da sabon ɓawon katako, aka sace ta a Niyok a 1986, ta sake ɓulla bayan shekara ashirin. Duk gaskiya ne. Amma a lura da waɗanda suka yi waɗannan canje-canje da lokacin da aka yi su. Makaɗan ne da kansu, suna tsakiyar aiki, a kan kayan da a lokacin ba su tsufa ba, kuma saboda buƙatar hannu da kunne. Canjin ya shiga cikin tarihin kayan, har ma da alamun gyaran 1964 aka tabbatar cewa wadda aka gano ita ce ta McCartney. Wannan bai yi kama da kwamitin da bai taɓa danna tsirkiya ba ya yanke wa kayan wani hukunci domin hoton ranar biki ya yi kyau.

A ɗaya gefen akwai James Jamerson, wanda bas ɗinsa ke ƙarƙashin mafi yawan shahararrun waƙoƙin Motown na shekarun 1960. Precision ɗinsa ta 1962 ba ya goge mata allo, ba ya canza tsirkiya sai ta tsinke, wuyan ya yi baka har wasu makaɗa suka ce ba ta kaɗuwa. An sace ta gab da rasuwarsa a 1983. Masu bautar tsofaffin kaya sun mai da wannan labari addini: kada a taɓa kome, datti ma albarka ne. Wannan ma wauta ce, wautar masu kuɗi da ke saye su rataye a bango bayan gilashi. Jamerson ya bar dattinsa ne don yana son muryar da yake ba shi, kuma yatsansa na da ƙarfin da zai danne abin da ya gagari wasu. Ɗalibin kwaleji ɗan shekara goma sha huɗu ba shi da wannan yatsa. Bas ɗin da ba ta kaɗuwa gawa ce, kome kyan likkafaninta.

Tsakanin masu kankara da masu bauta akwai hanyar da masu sana'a suka daɗe da sani. Gogunan da Antonio Stradivari ya ƙera a Kiremona ta Italiya kafin rasuwarsa a 1737, kusan dukansu an canza musu wuya ko an ƙara masa tsawo a ƙarni na 19, an sake sandar da ke tallafe allo daga ciki, domin su iya ɗaukar tsirkiya mai ƙarfi su cika manyan zauruka. Amma ba mai hankalin da ya kankare shafin jikinsu. Abin da ke aiki a sabunta shi, abin da ke shaida a bar shi. Ba sai an je Italiya ba ma. Tambarin fada ana sake masa fata in ta mutu, icen kuwa shi ne na kaka da kakanni, kuma ba a taɓa jin sarkin tambura ya kai shi wurin mai fenti don ya yi baƙi da tsufa ba. Makaɗin kalangu yana canza fata da tsirkiya, ya riƙe icen da ya gada. Gyartai yana ɗinke ƙwaryar da ta tsage, ɗinkin yana nan a fili ba a ɓoye shi, uwar gida kuma ta fi amincewa da ita bisa sabuwar da ba ta san halinta ba. Al'ummar da ta san wannan a kan ƙwarya bai dace ta manta da shi a kan gita ba don kawai gitar ta zo cikin jirgi.

Za a ce, to ai ba kowace tsohuwar bas ce Fender ba. Haka ne. Mai yiwuwa wadda ke cikin ɗakin ajiyar kwaikwayo ce ta Japan irin su Ibanez ko Aria na shekarun 1970, ko Eko ta Italiya, ko ma wadda ba ta da suna. Wasu daga cikin na Japan ɗin nagari ne ƙwarai, har ingancinsu ya sa Fender ya buɗe reshe a can a 1982 ya fara fitar da Squier; wasu kuwa tun ranar da aka ƙera su ba su da kirki. Dillalin Paris ba zai ba da ko dala a kan da yawa daga ciki ba. Sai dai ba dillalin Paris ne zai faɗi darajarsu ba. Tarihin kiɗan zamani na Nijar gajere ne kuma shaidunsa ƙalilan ne. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, aka farfaɗo da Samariya, bukukuwan matasa na ƙasa suka riƙa zagaya manyan garuruwa, gidajen matasa suka zama matattarar ƴan wasa da makaɗa. A Tawa aka yi Azna de l'Ader. A 1987 aka ƙirƙiro gasar Ɗan Gurmu, a 1990 aka buɗe cibiyar horar da makaɗa ta Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, daga wannan yanayi irin su Sa'adu Bori da Moussa Poussy suka yi suna, a 1995 kuma aka kafa Mamar Kassey. Mafi yawan abin da aka kaɗa a waɗannan shekaru bai shiga faifai ba. Wanda ya shiga kaset, zafi da ƙura sun ci rabonsu. Kiɗan da Mamman Sani ya ɗauka da organ ɗinsa a 1978 sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2013 kafin duniya ta waiwaye shi. In sauti ya ɓace, hotuna sun yi ƙaranci, makaɗan kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage a taɓa da hannu shi ne kayan da suka riƙe. Bas ɗin da ta yi rakiyar tawagar wata jaha zuwa bikin matasa a bayan babbar mota, ko da ta kwaikwayo ce, ta fi sabuwa ta kanti abin faɗi.

Saura masu cewa a sayi sabuwa, waɗanda suka fi kama da masu hankali, shi ya sa suka fi haɗari. A ba su gaskiyarsu tukuna: bas mai araha ta yau, wadda inji mai kwamfuta ke yankawa a Sin ko Indonesiya, ta fi mai araha ta shekarun 1970 daidaito nesa ba kusa ba, kuma da Yuro 150 zuwa 300, wato jikka 100 zuwa 200, ana samun wadda ɗalibi zai koya da ita ba tare da ya ji rauni ba. In ƙungiya tana da yara goma masu son koyo da bas guda ɗaya, sayen ta biyu ba laifi ba ne, wajibi ne. Laifin yana cikin kalmar musanya. Me ya sa sabuwa ke da magoya baya a kwamiti fiye da gyara? Domin sabuwa tana da faktir, tana da kwali da leda, tana da bikin miƙa kaya da jawabi da hoto, wani lokaci ma tana da ɗan abin da ke maƙalewa a hannun wanda aka aika. Gyara ba shi da ko ɗaya. Ba a gayyatar magajin gari don an miƙe wuyan gita. Masu ba da tallafi su ma sun fi son layin da aka rubuta saye, domin shi ake iya ƙirgawa a rahoto, layin kulawa kuwa ba ya cikin furoje.

Ga kuma tambayar da ba a yi. Me ya kwantar da tsohuwar tun farko? Sau da yawa ba wani babban ciwo ba ne, tsirkiya ce ta tsinke ba a sami kuɗin wata ba. Tsirkiyar bas kayan waje ce mai tsada, kuma karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ke zuwa daga waje cikin dare ɗaya; makaɗan bas a ko'ina cikin duniya sun san dabarar tafasa tsofaffin tsirkiyoyi a ruwa don su ƙara ƴan makonni. Ƙungiyar da ba ta ware kuɗin tsirkiya ba, ba ta da akwatin ajiya, ba ta da mutum guda da aka ɗora wa alhakin kayan, za ta jingina sabuwar a bango ɗaya, ƙarƙashin kwano ɗaya, cikin zafin watan Afrilu ɗaya. Katakonta ma bai gama sanin duniya ba, alhali na tsohuwar ya sha hunturu arba'in ya gama duk motsin da zai yi. Bayan shekara uku za a buɗe ɗakin a tarar da gawa biyu maimakon ɗaya, kwamiti ya sake zama.

Sukan yi wa masu son gyara gori da karin maganar nan, sabo turken wawa, wai shaƙuwa da tsohon abu ce ta ɗaure su. Malaman Hausa sun san cewa rubutun boko ba ya nuna karin sauti, don haka a kan takarda kalmar tana karantuwa ta fuska biyu, kuma ta biyun ma ba ta yi ƙarya ba: sabon abu shi ma turke ne, ya ɗaure wawaye da yawa. A Nijar ne Mdou Moctar ya haɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, yau kuwa ana sauraronsa a manyan dandalin Amurka da Turai. Ƙasar da yaro ya yi haka don ya rasa abin kaɗawa, abin kunya ne a ce a cikinta akwai bas mai mikoro lafiyayye kwance cikin ƙura ana jiran kasafin sayen wata.

Ba a ce babu ranar da fenti ke halatta ba. In wani ya riga ya lafta mata fentin ƙofa da buroshi shekaru da suka wuce, babu sauran shaidar da za a kare a waje, kuma cire shi a hankali da hannu alheri ne. In katako ya tsage ko gara ta shiga, sai kafinta ya buɗe ya yi magani ya toshe, wurin da ya taɓa kuma ya rufe shi. Inda fenti ya goge katako ya fito, ɗan shafi siriri marar launi ya isa ya kare shi daga gumi da laima ba tare da an taɓa sauran jikin ba. In kuwa wuya ya murɗe kamar igiya, ko sandar cikinsa ta karye, to nan ne ake maganar sabon wuya, a ajiye tsohon kusa da ita kada a yar. Sai in jiki da wuya da mikoro duk sun mutu ne ake cewa ta gama aiki, sa'an nan ma wurinta bangon zauren ƙungiya ne da takarda a ƙarƙashinta, ba juji ba.

Kafin a kashe ko tamma, aikin farko ba ya cin kuɗi. A ɗauke ta daga ƙasa, a share ta da busasshen ƙyalle, kada a sa mata fetur ko ruwan sabulu. A ɗauki hotonta gaba da baya. A kwance kusoshi huɗu a duba gindin wuya, a buɗe murfin maɓallai a kwafe lambobin cikin rajistar ƙungiya. Malamin kimiyya na lise zai sami darasin maganaɗisu da lantarki a ciki wanda ya fi zanen allo, na tarihi kuma zai sami nasa. Sa'an nan a aika yara biyu da littafi da alƙalami su nemo wanda ya kaɗa ta. A garuruwa da yawa yana nan da rai, ya yi ritaya daga koyarwa ko daga gidan waya, yana zaune a ƙofar gida bayan la'asar. Shi zai faɗi shekarar da aka kawo ta, da wanda ya sa hannu aka saye ta, da garin da ta faɗo daga mota ta sami wannan tsaguwar ta gefe, kuma in aka miƙa masa ita da sababbin tsirkiyoyi, cikin minti biyar zai gaya wa kwamiti ko wuyan zai miƙe.